Yaron Bos: Rol Ɗin da Ake Rainawa Alhali Shi Ke Riƙe da Fim

A ofisoshin 'yan fim na titin gidan Zoo a Kano, in ana rabon rol kowa jarumi yake so, in bai samu ba ya nemi bos. Yaron bos kuwa sai a ce a ɗauko duk wani mai ƙirar ƙarfi. Daga nan fim ɗin faɗa da kasada yake fara lalacewa. Bos a zaune yake yana ba da umarni, muguntar da ɗan kallo yake gani da idonsa yaron ne ke aikata ta. Da shi ake auna haɗarin da jarumi ya shiga. In bai tsorata kowa ba, dukan da jarumi zai yi masa a ƙarshe ba abin tafi ba ne.

Waɗanda suka yi kallo a sinimomin El Dorado da Plaza sun san Mac Mohan, wanda ya fito a Sambha, yaron bos, cikin fim ɗin Indiya Sholay na 1975. Yawancin fitowarsa yana kan dutse riƙe da bindiga, maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, amma har yau ana kiran sunansa. An ɗora shi a kan dutsen sama da kowa, sai ya zama idon ubangidansa, shi kuma ya iya zama shiru ba tare da fuskarsa ta mutu ba. Wannan shi ne darasi mafi wuya a rol ɗin, wato sauraro. Sabon ɗan wasa da zarar ba shi ke magana ba sai ya saki jiki yana jiran layinsa, ko ya shiga zare ido da taunar ashana don a lura da shi. Duka biyun ɓarna ne. Gwani yana tsayawa taku ɗaya a bayan kafaɗar bos, idonsa a kan hannun baƙo, ba kan bakin maigida ba, domin aikinsa tsaro ne. Bos na ɗaga murya, shi sai ya ƙara nutsuwa. Ihu da dariyar ƙeta na ubangida ne, in yaro ya kwaikwaye su an samu bos biyu a fitowa ɗaya.

Sai faɗa. Abin da mutane ba su sani ba, wanda ake duka shi ke sa duka ya yi kyau. Naushi yana wucewa ne da tazarar kamar taƙi ɗaya daga fuska, a ajiye kyamara a bayan kafaɗar ɗayansu don tazarar ta ɓuya. In aka ɗauka daga gefe, kowa zai ga iskar da ke tsakani. Yaron bos zai karkatar da kai daidai lokacin da dunƙulen ya gifta layin kyamara. Ya riga, an gane wasa ne. Ya makara, sautin da edita zai ɗora ba zai zauna ba. Shi ya sa ake gwaji da ƙirga, a fara a hankali, a ƙara sauri kaɗan, sannan a ɗauka, kuma kada motsi ya wuce 3 zuwa 5 a ɗauka ɗaya, don daga nan ake fara mantuwa a fasa wa juna baki. Shetty, mai ƙwal-kwabon nan na finafinan Indiya na shekarun 1970, mai tsara faɗa ne da kansa, shi ya sa faɗuwarsa take ƙara wa jarumi kwarjini.

Faɗuwar ma da ƙa'idarta: haɓa a manne da ƙirji, katifa ko tarin kwalaye a inda kyamara ba ta gani. Adda ta katako ko ta roba ake wasa da ita, ta ƙarfe sai lokacin nuna ta kusa, ba motsi. Riga a tanadi iri ɗaya guda 2 ko 3, saboda jinin fim da gumin Kano, kada a ga tabo a nan, a juyo a ga riga fes. Hannun da ya riƙe makami a rubuta shi, kada ya sauya a ɗauka ta gaba.

Akwai kuma abin da nake ganin marubutanmu sun fi sakaci da shi: dalilin biyayya. Tsoro ne ya riƙe shi, ko bashi, ko bos ne ya raine shi tun yana yaro? Ba sai an faɗa a fim ba, amma ɗan wasa ya sani. Mai tsoro ba ya haɗa ido da ubangida. Wanda aka raina yana gyara masa kujera kafin a ce ya gyara. Mai jiran ranarsa kuwa yakan ɗan yi jinkiri kafin ya ce “an gama, oga”, kuma darakta mai hankali ba ya bari edita ya yanke wannan jinkirin.