Tsagar da na rufe da walda

Shekaranjiya a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, na tsaya bakin rumfar wani abokina, sai na ga yaronsa durƙushe ƙarƙashin babbar mota, yana shirin bin wata tsaga a jikin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da gangar motar, da walda. Ko gurje wurin bai yi ba. Na ce, "Kai yaro, ka ga inda ta tsaya?" Ya ce, "Baba, ai 'yar ƙarama ce." Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin wannan maganar.

Lokacin ban daɗe da barin hannun maigidana ba. Wani direba mai ɗauko albasa daga Nijar ya kawo motarsa, na ga tsaga ta taso daga ramin ƙusa kusa da inda sifirin yake kamawa, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Ya ce tun bara yake ganinta. Sai na yi lissafi a raina: abin da ya shekara bai wuce haka ba, ai zai ƙara wata shekarar. Na shafa mata walda ta sama, na karɓi kuɗina. Sati uku tsakani shasin ya karye wajen Kintampo, mota ta kwanta da lodinta. Yaron motar har yau ɗingishi yake. Ina haɗuwa da shi a Aboabo, ya gaishe ni da ladabi, in kasa haɗa ido da shi.

To amma ni wa ya koya mini? Maigidana ma haka yake yi. Direban yana tsaye a kaina yana ta sauri, lodin da yake labtawa kuwa ya fi ƙarfin motar. Kwana biyu ba ciniki, ga uwargida da tsohon ciki. Duk gaskiya ne. Sai dai hannuna ne ya rufe tsagar nan yadda ba mai sake ganin tafiyarta.

Na adana guntun shasin, har wata rana wani injiniya da ya yi karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya ɗauka yana juyawa. Ya nuna mini layi-layi a bakin karayar, kamar sawun ruwa a kan yashi, ya ce nan ta daɗe tana rarrafe. Sannan ga wuri mai kaushi, inda ƙarfen ya ɓalle lokaci guda. Ƙarfe yana gajiya. Duk ramin da taya ta faɗa, bakin tsagar ya buɗe ya rufe, ta matsa gaba ɗan abin da ido ba ya gani, kuma tana ƙara tsawo tana ƙara sauri. Wani Ba'amurke, Paul Paris, ya fitar da lissafin a farkon shekarun 1960. A irin ƙarfen da muke aiki da shi, in nauyin da ke jijjiga tsagar ya ninka biyu, saurinta kan ninka kusan takwas. Jiragen Comet na Ingila guda biyu da suka tarwatse a sama a 1954, gajiyar ƙarfe ce ta ci su, balle motar albasa.

Ku yaran yanzu, waya a hannu, kunne a toshe, wata shida kun ce kun zama masta. Na so in jero muku abubuwa da yawa, amma na san ba za ku tsaya ba. Ka wanke wurin, ka shafa kananzir, ka goge, ka barbaɗa garin alli. Inda allin ya jiƙe, nan tsagar take, kuma sau da yawa ta zarce inda idonka ya tsaya. Ka huda rami daidai ƙarshenta, ka gurje ta har ciki, sannan ka yi walda ka ɗora faranti.

Kai, in ma a sifirin ne ko sandar taya, kada ka taɓa, ka ce a canja. Na san mai motar zai tsallaka rumfar gaba a shafa masa, kai ka kwana da yunwa. Bari ya tafi. In kuwa ka tabbata can zai je, gara ka yi masa da kanka, ka faɗa masa a gaban mutane ya rage lodi, ya dawo a duba.

Yaron abokin nawa dai bai so ba, sai da maigidansa ya daka masa tsawa ya je ya nemo alli. Tsagar ta wuce inda ya nuna da kusan yatsa biyu.