Ashe ba masunta kaɗai ke ƙarar da kifi ba

Lokacin da na fara karatun harkar kifi, a kaina masunta ne masu laifi, shike nan. Kifi ya ragu? To su suka kwashe. Sai da aka tura mu aikin fili inda kogi ke zuba cikin teku, wata uku muna fita tun asuba, sannan jikina ya yi sanyi.

Aikin da aka fara ba ni ma sai da na raina shi, wai auna gishiri. Wata 'yar na'ura ce kamar guntuwar tocila, ka ɗiga mata ruwa ka rufe ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa. Ruwan teku gishirinsa kusan giram 35 ne a lita ɗaya, na kogi kusan babu, shi kuwa wannan na tsakiya ruwan zartsi ne kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da ka auna da safe daban, in teku ta turo da yamma ka ga ya ninka a wuri guda. To a cikin wannan ruwan ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma, iyayen da yawansu can cikin teku suke zuba ƙwai, ƙananan su shigo su ɓuya cikin laka da saiwoyin itatuwa har su yi ƙwari.

Kenan in ruwan daɗi ya daina saukowa daga sama an gama da su, ko da ba wanda ya jefa koma. A Senigal, tuni kogin Salum ya juye, can ciki ya fi tekun kanta gishiri. A Masar kuma da aka tare Nilu da madatsar Aswan a shekarun 1960, kamun kifin sardin a bakin teku ya faɗi warwas saboda ambaliyar da ke kawo musu abinci ta tsaya. Mai gina dam yana can nesa, bai ma san ya taɓa kwandon wani ba.

Ga kuma takin zamani da ruwa ke wankowa daga gonaki, gansakuka ta yi yawa ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, ga zafi yana ƙaruwa, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar sosai. Bakin kogin Misisipi na Amurka duk lokacin zafi haka yake fama.

Ba wai na wanke masunta ba ne fa. Na ga raga mai ido kamar gidan sauro, na ga kwando cike da kifin da bai wuce ɗan yatsa ba, abin ya ba ni haushi wallahi. Amma da na fara yi wa wani dattijo wa'azin a bar su su girma, kallona kawai ya yi ya tambaye ni abin da iyalinsa za su ci kafin su girman. Na rasa ta cewa.

Daga baya na karanta yadda Bangaladash ke yi da kifin hilsa, suna hana kamu kwana 22 a wajajen Oktoba lokacin zuba ƙwai, amma gwamnati na raba wa masunta shinkafa. A rahotona na ƙarshe sai na goge shafi biyu da na cika da maganar tara da ƙwace raga, na fara da ruwan da ya kamata a riƙa saki daga dam.