Inda aka kwana a lambuna: kabewa da baƙinta na sassafe

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon lambun cikin gida. Ruwa ya sauka, zafin bazara ya ɗan lafa, kabewar da na shuka gefen katanga na dinga bi da ruwan rijiya yanzu ta yaɗu har ta hau rumfa, fure kam ba a magana.

To ga abin da nake so mu lura da shi, don naga da yawanmu na kukan wai kabewa ko kankana ko kokwamba ta yi fure amma duk ya zube ba ɗa ko ɗaya. Furen kabewa iri biyu ne a jikin uwa ɗaya. Namijin yana kan siririn kara dogo, macen kuma in ka duba ƙasanta zaka ga wani ɗan ƙullutu kamar ƙwallon goruba ƙarami, shine zai zama kabewar. Mazan ne ke fara fitowa da yawa, su buɗe su bushe su faɗi, wannan ba cuta bace kar ka tada hankalinka ka ruga siyo magani. Matsala sai in macen ta buɗe ba wanda ya kawo mata garin nan rawaya na cikin namijin, sai ƙullutun ya yi rawaya ya ruɓe.

Masu wannan dako kuwa ƙudan zuma ne, kuma sammako suke. Bayan sallar asuba gari na wayewa furen ya buɗe, kafin azahar ya rufe shikenan nashi ya ƙare, gobe sai wani. In ka leƙa wajen ƙarfe 7 zaka gansu sun kutsa ciki suna fitowa jikinsu duk gari. Ranar da aka wayi gari da ruwa ko hadari ya rufe basu cika fitowa ba, irin wannan ranar nakan tsinko namiji ɗaya in cire ganyen furen in goga tsinken a tsakiyar macen a hankali, kuma yana kamawa wallahi.

Abin da ya fi jawo min su ba wani furen ado bane, daddoya ce da na bari ta yi fure maimakon in dinga tsinke kanta, sai zogale. Zogale in ya yi farin furen nan har wani babban baƙin ƙwaro mai huda katako yake zuwa, ƙugi kamar babur, yara na gudu amma in baka taɓa shi ba ba ruwansa da kai. Na kuma aje tsohon faranti da ruwa da tsakuwa a ciki don su samu wurin tsayawa su sha.

Tumatir nashi daban, fure ɗaya ke ɗauke da komai, girgiza kawai yake so, shi yasa da safe nake ɗan kaɗa sandar da ke tokare da shi. In zafi ya yi yawa dai zubar da fure yake ko me ka yi masa.

Malam-buɗe-littafi kuma ina da ƙorafi a kansa. Kyau kam akwai, amma tsutsar da ke cinye min ganyen lemon tsami 'yarsa ce, da hannu nake cire su daga ƙananan dashe, babbar bishiya na ƙyale musu.

Maganar feshi, don Allah in ya zama dole a bari sai dab da magariba lokacin da zuma ta koma gida, kuma kar a fesa kan furen da ke buɗe, ko da jiƙon ganyen darbejiya ne. Yanzu na watsa ɗan riɗi a bakin kunya don a samu furen da zai riƙe su in daddoyar ta tsufa, ya dai fara tsirowa, kaji ne kawai nake fama dasu.