Zafin Kano da tsufan fanel

Inbatar da ta mutu a watan Afrilu ba ranar ta fara ciwo ba. Fanel ɗinta, wato allon cikinta da aka jera kayan wuta a kansa, ya daɗe yana gasuwa a hankali a ɗaki mai rufin kwano, ga zafin gari da ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Yawancin fanel na inbata da talabijin da waya FR-4 ne, wato saƙar zaren gilashi da aka haɗe da gam, aka shimfiɗa masa hanyoyin jan ƙarfe. Gam ɗin yana fara laushi wajen digiri 130 zuwa 140, mai inganci kuma sai 170. Amma ko bai kai nan ba, zafin yau da gobe yana cinsa. Duba ƙarƙashin babbar resista (mai rage gudun wuta) ko kusa da mosfet (mai kunna wuta da kashe ta): kore ya koma ruwan ƙasa, wurin ya yi gautsi, kana ɗora kan ƙarfen dalma hanyar jan ƙarfen ta ɗago kamar ɓawon albasa. In ya kai ga yin baƙi, gawayi ne, kuma gawayi yana wuce da wuta. Sa sabon mosfet a kansa asarar kuɗi ce. A kankare baƙin tas, a cike da gam, a ɗinke hanyar da waya.

Kafasita mai ruwa, 'yar gwangwanin nan mai ajiye caji, ita ce ke riga kowa tsufa, domin ruwan cikinta bushewa yake yi. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Wadda aka yi don awa 2000 a digiri 105 za ta kai awa 32,000 a digiri 65, amma a 75 sai 16,000, bai cika shekara biyu ba in ana aiki dare da rana. Shi ya sa in za ka saya a Sabon Gari, karanta jikinta, kar ka karɓi mai 85 a madadin mai 105. Kuma ba kowace matacciya ce ke kumbura ba, sai an auna.

Dalma kuwa gajiya take yi. Da rana ta buɗe, da dare ta tsuke, har siririn zobe ya tsage a gindin ƙafar taransifoma. Irin wannan ne na'urar da sai an buge ta take kamawa. A tsotse tsohuwar dalmar gaba ɗaya kafin a zuba sabuwa.

Inbata dai a ba ta tazarar taƙi guda daga bango, a hure mata ƙura da zarar hunturu ya wuce, kafin bazara ta kama.