Gautsin da haidirojin ke sa wa ƙarfen bututu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni gwaji a kan ƙarfen bututun gas. Siraran sanduna biyu muka yanko daga ƙarfe ɗaya. Guda muka bar ta yadda take, ɗayar muka tsoma ta a ruwan asid muka jona lantarki har ta sha iskar haidirojin. Sai muka ɗaura kowacce a injin ja, yana janta sannu a hankali.

Ta farko ta yi ta miƙewa, tsakiyarta na sirancewa kamar ana jan alewa, kafin ta tsinke. Ta biyu kuwa ƙas, ko sallama babu. Da na duba lissafi na ga nauyin da suka ɗauka kusan ɗaya ne, sai na rubuta cewa lahanin kaɗan ne. Malamina ya karanta, ya turo mini guntayen biyu, ya ce, "Ƙarfi ka auna, ɗana. Ina gautsin?"

Ashe matsalar tsohuwa ce, tun 1875 wani Bature a Ingila, William Johnson, ya bayyana ta. Ƙwayar haidirojin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin sinadarai, shi ya sa take kutsawa cikin jikin ƙarfe ta je ta taru a bakin 'yar tsaga ko gefen walda, inda zafi ya taurara wurin. Bututu kuma matsin iskar cikinsa hawa da sauka yake yi, kowane hawa sai tsagar ta ƙara tafiya, in akwai haidirojin a ciki kuwa da sauri fiye da yadda za ta yi da gas zalla.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙarfen da ya fi ƙarfi, irin ƙarfen bututu mai lamba X80, ya fi mai lamba X52 saurin kamuwa. Don haka in na ji ana cewa a zuba haidirojin a tsofaffin bututun gas kawai, nakan tambayi irin ƙarfen da halin waldarsa. Abin yana yiwuwa dai: a Holan an mai da wani bututun gas mai tsawon kilomita 12 ya koma na haidirojin a 2018.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa ƙwararrun masu walda ke gasa wayar walda mai lamba 7018 kafin aiki. In ta sha laima, haidirojin ɗin ruwan ne ke shiga ɗinkin, waldar ta fito sumul, bayan kwana ɗaya ko biyu ta tsage.