Ranar da Taubashina Ya Kashe Mai Tsaron Rijiya

Mu shida ne muke haɗuwa kowace Asabar bayan La'asar a zauren gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato, mu shimfiɗa tabarma, mu ajiye ɗan guntun tebur a tsakiya, mu yi wasa har a kira Magariba, idan kuma labari ya yi daɗi mu dawo bayan Isha'i. Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma muna bin dokokin bugu na biyar da ya fito a 2014. Kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum guda na cikin labari yana faɗin abin da zai aikata, mutum ɗaya kuma yana jan labarin, yana bayyana gari da daji da duk wanda aka tarar a hanya. Wannan muna kiransa madugu, kuma ni ne nake riƙe da aikin. Idan abin da mutum ya yi niyya yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai ya jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da lambar ƙwarewar mutuminsa, a ga ko ya kai adadin da madugu ya yanke. Ba a aza ko kwabo, kuma wannan na bayyana wa mahaifina tun ranar farko don kada a ɗauka caca muke yi a zaurensa.

Labarin da na tsara na ayarin fatake ne da ya taso daga kusa da Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, ya nufi Agadas da Bilma neman gishiri. Mun yi wata huɗu muna tafiya lafiya kafin taubashina, ɗan kawuna, ya ce yana son shiga. Na yi murna, domin mutum ne mai ban dariya da saurin tunani, kuma tare muka tashi.

A zamansa na farko mutuminsa ya sace jakar kuɗin ayari. A na biyu ya zagi sarkin wani gari a fadarsa alhali sauran suna tsakiyar neman izinin wucewa. Idan wani yana magana sai ya katse shi, idan kuma ba layinsa ba ne sai ya buɗe waya ya saki sauti. Duk lokacin da aka yi ƙorafi amsarsa guda ce: ai halin mutumin nasa ke nan. Abin da ya ɗaure mini hannu shi ne taubasantaka. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji tsokana halal ce, da ita muka girma, daga rigimar kuɗin shara a watan cika-ciki har zuwa ba'ar da muke yi wa juna a gaban manya, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Saboda haka duk abin da ya yi sai na ɗauke shi a matsayin wasan da ke tsakaninmu, na manta cewa sauran biyar ɗin ba taubasansa ba ne, ba su da wannan yarjejeniya da shi.

Kuskurena mafi girma shi ne na yi ƙoƙarin hukunta shi a cikin labarin. Na sa dogaran sarkin da ya zaga suka kama mutuminsa suka jefa shi kurkuku, ina ganin hakan zai sa ya natsu. Abin da ya biyo baya shi ne zaman awa biyu ya ƙare kacokan a kan yadda za a kuɓutar da shi, kowa ya ajiye abin da ya kawo shi, shi kuwa yana tsakiyar fage yana dariya. Na ba shi ainihin abin da yake nema da hannuna, na kuma koya masa cewa ɓarna ita ce hanya mafi kusa ta jawo hankalin teburin.

Ƙarami a cikinmu ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yaro mai kunya da ba ya ɗaga murya. Ya rubuta shafi uku a kan mutuminsa, wani matashi da ya bi ayari yana neman yayansa da ya ɓace a hamada, kuma na shirya cewa wani tsoho mai tsaron rijiya ne yake da labarin inda yayan yake. Makonni shida yaron yana jiran isa wannan rijiya. Ranar da aka isa, yana cikin gaida tsohon, taubashina ya ce mutuminsa ya zare takobi ya sare shi. Ya jefa ƙwaya, 19 ta fito, ni kuma na bar abin ya wuce domin a ganina doka ta ba shi dama. Yaron bai ce komai ba, ya naɗe takardunsa, Asabar biyu a jere ya aiko cewa karatu ya yi masa yawa. Wani daga cikinmu ne ya tare ni a bakin masallaci ya ce mini: "Madugu, ba karatu ba ne, kai ma ka sani." Har yau ina jin nauyin wannan rana, domin ikon dakatar da wasan yana hannuna, kuma babu dokar da ta tilasta mini karɓar wannan jifa.

Ban yi wa taubashina magana a gaban jama'a ba, don da na yi haka da ya mayar da ita raha, ni kuma in rasa yadda zan yi. Na same shi daren Alhamis, muka zauna mu biyu a teburin mai shayi, na ce masa: "Taubashi, yau ba wasa ya kawo ni ba." Ban ce masa halinsa ba shi da kyau ba. Na lissafa abubuwa uku da ya yi, na faɗa masa abin da kowanne ya jawo, na ƙare da shafi ukun da yaron ya rubuta da makonnin da ya yi yana jira. Da farko ya ce: "Mi niy yi? Ba wasa ba ne?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya yi shiru, sannan ya faɗa mini abin da ban taɓa tunani ba. Duk wasan da ya sani, dara da ludo da karta, ana yinsa ne don a ci abokin wasa, kuma babu wanda ya gaya masa cewa wannan na haɗa kai ne, kowa ya ci ko kowa ya faɗi. Ya ƙara da cewa idan ana faɗa a labarin yakan jira kusan minti 20 kafin layi ya zo kansa, ya jefa ƙwaya sau ɗaya, ya sake komawa jira. A nan gaskiya tana wurinsa, laifin kuma nawa ne, domin na shigar da shi tsakiyar tafiya ban zaunar da shi na bayyana masa komai ba.

Asabar da ta biyo ba mu yi wasa ba. Mun yi zaman share fage, abin da masu wannan wasa suke ba da shawarar a yi kafin a fara kowane labari, mu kuwa muka yi shi bayan wata biyar. Mun amince cewa mutumin wani ba zai saci kayan ɗan'uwansa ko ya kai masa hari ba sai da yardar mai shi, cewa wanda yake magana da wani a cikin labari shi ke da fage har ya gama, kuma waya tana aljihu. Akwai wata dabara da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa shi a sauya zance ba tare da an nemi dalili ba. Na san mai kunya ba zai miƙa hannu ya taɓa kati a gaban kowa ba, don haka muka ce duk wanda ya ga abu ya karkace ya ce a sha ruwa. A zafin Sakkwato wannan magana ba ta tona kowa, ni kuma ina amfani da hutun in ji abin da ya faru.

Shi kuwa taubashina na ɗora masa aiki. Shi ke rubuta jerin layi idan faɗa ya tashi, ya sanar da wanda zai biyo baya don ya shirya, kuma mutuminsa ya zama jagaban ayari mai shiga gaba ya duba hanya. Jiran ya ragu da kusan rabi. Ban ce ya canza gaba ɗaya ba: bayan wata guda ya sake katse wani sau uku a zama ɗaya, na tuna masa abin da muka amince, ya ci gaba, sai na ce ya huta Asabar biyu. Na yi fargabar maganar za ta kai kunnen kawu ta zama ta zumunci, amma shi da kansa ya ce babu wanda zai ji, kuma ya cika.

Yaron na je har ɗakinsa na ba shi haƙuri, ban aika kowa ba. Ya dawo a mako na huɗu. Ban tayar da tsohon daga kabari ba, domin abin da ya faru a labari ya faru, amma na sa ya bar jika wadda ta san abin da kakanta ya sani, kuma ta ƙi buɗe baki sai an biya diyya. Kafin kowa ya yi magana taubashina ya ce mutuminsa ya sauke duk gishirin da ke kan raƙumansa biyu ya ajiye a gabanta, ya goge shi daga takardarsa, sannan ya tura wa yaron ƙwayar ya ce: "Ƙanena, tambaye ta, layinka ne."