Layin da Ke Raba Hunturu da Damina

Tun ina yaro akwai abin da yake ɗaure mini kai game da ruwan sama a ƙasarmu. An koya mana a makaranta cewa iskar da ke kawo damina daga teku take tasowa, wato daga kudu maso yamma, amma duk wanda ya taɓa kwashe shanya a guje ya san cewa daga gabas hadari yake haɗowa. Ban sami amsar da ta gamsar da ni ba sai da na fara bin taswirorin da masana yanayi suke fitarwa, na kuma fahimci abin da suke nufi da dunƙulen iska.

Dunƙulen iska wani makeken tarin iska ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wani lokaci dubbai, wanda ya daɗe a kan wuri ɗaya har ya ɗauki halin wurin. Iskar da ta zauna a kan teku takan cika da laima, wadda ta zauna a kan hamada kuwa takan bushe ƙayau, kuma idan ta tashi tafiya da wannan hali take tafiya. Masanan birnin Bergen na ƙasar Norway, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, su ne suka kafa wannan fahimta wajen shekarar 1919. Da yake Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, sai suka ara wa iyakar da ke tsakanin iska mai sanyi da mai ɗumi sunan bakin daga, kamar inda runduna biyu suke fuskantar juna. Har yau a taswirar Turai ana zana bakin iska mai sanyi da shuɗin layi mai tsinaye, na iska mai ɗumi kuma da jan layi mai rabin da'ira, tare da layukan da ke haɗa wuraren da nauyin iskarsu ya zo daidai.

Sai dai wanda ya ɗauko wannan tsari ya ɗora shi a kan Afirka ta Yamma ba tare da gyara ba zai sha mamaki. A nan nauyin iska ba ya sauyawa sosai daga yau zuwa gobe, kuma iskokin da suke karo da juna duk masu zafi ne, bambancinsu yana ga laima. Ɗaya ita ce busasshiyar iskar Sahara da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, wadda muke kira iskar hunturu, ɗayar kuma ita ce iskar Tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa a kansa shi ne ƙashin bayan taswirarmu. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, tana rubuta masa ITD, a Nijar kuma, inda ake aiki da Faransanci, FIT ake ce masa. Mai zana shi yakan duba abu biyu daga rahoton kowace tasha: inda iska ta fito, da kuma ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin laimar cikinta ta zama ɗigon ruwa. Inda ma'aunin raɓa ya haura kimanin digiri 15 na Celsius kuma iska tana zuwa daga kudu maso yamma, wurin yana kudu da layin, inda kuma ya gaza haka, hunturu ne ke mulki.

Layin ba ya zama wuri ɗaya, rana yake bi. A watan Janairu yakan sauka har kusa da gaɓar teku, shi ya sa hazo yake kaiwa Legas da Akara. Daga nan sai ya riƙa hawa sannu a hankali, ya ratsa Kano da ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya wajen Afrilu ko Mayu, a watan Agusta kuma ya kai kimanin digiri 20, can arewa da Agadas, saboda tsananin zafin hamada yana rage nauyin iska a arewacin Mali da kudancin Aljeriya, wurin ya riƙa zuƙo iskar teku.

Jikin mutum ma yana sanin ranar da layin ya wuce ta kansa. A ƙarshen rani ina kwana a tsakar gida, kuma akwai daren da iska take juyawa, in farka in tarar da matashin kai ya jiƙe da gumi, alhali makon da ya wuce gumin kafin ya tsatso ya bushe. Ruwan randa ya daina yin sanyin da aka saba, gishiri ya fara dunƙulewa a cikin gwangwani, ƙofar katako ta soma cijewa. Wannan ita ce bazara, kuma abin da yake ƙona ran mutane a cikinta shi ne laima ta zo amma ruwa ya ƙi sauka. Taswira tana bayyana dalili. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙarƙashin iskar hamada kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. A kusa da layin kaurinta bai isa ya gina hadari ba, gajimare yana tasowa busasshiyar iskar da ke samansa ta shanye shi. Ruwa na sosai yana baya da nisan kilomita ɗaruruwa, inda laimar ta yi zurfi. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a riƙa bayyana wa manoma a rediyo, domin ruwan farko da yake yaudarar mai shuka sau da yawa yana sauka ne lokacin da layin ya yi tsalle gaba na 'yan kwanaki, sannan ya koma baya, tsiro ya ƙone.

Amsar tambayata ta yarinta kuwa tana cikin taswirar sama, ba ta ƙasa ba. Tashoshi da dama a duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'urar awo, galibi sau biyu a rana, kuma da rahotonsu ake zana taswirar iska hawa-hawa. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 a saman yankinmu, lokacin damina, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kuma a jikinta ake samun wasu lanƙwasa masu wucewa kusan duk bayan kwana 3 zuwa 5. Laima daga kudu maso yamma take shigowa ta ƙasa, amma da zarar hadari ya yi tsayi sai wannan iska ta sama ta tura shi yamma. Shi ya sa hadarin da ya haɗu a kan tsaunukan Darfur, ko dutsen Ayar, ko tudun Jos, yake iya yin tafiyar dare guda ya afka wa garin da ya kwana da taurari. Hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda yake kallon Afirka daga nisan kilomita kusan 36,000, suna nuna waɗannan jerin hadurra ƙarara, kuma da su ne masu hasashe a Abuja da cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, wato ACMAD, da ke Yamai suke ƙiyasta lokacin isowarsu. Iskar nan mai ƙura da sanyi da take riga ruwa isowa, ta kwashe kwanon rufi, daga cikin hadarin kansa take zubowa.

Da hunturu idon mai hasashe yakan koma arewa. Idan nauyin iska ya ƙaru a kan Libiya, iska takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Chadi, ta share kwarin Bodele, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, ta ɗebo farar ƙura mai laushi. Wanda ya ga ƙurar ta tashi a hoton tauraro yau, ya san cikin kwana ɗaya ko biyu Maiduguri da Kano za su wayi gari cikin hazo, jirage su kasa sauka. Ni kaina idan na ga haka a wayata, a daren nake rufe tagogi in nemo man kaɗanya.